Man Jarka da Injin Usta

Shekara ashirin da shida mijina ya yi yana matse mai a wata ƙaramar masana'anta da ke bayan kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Mu masna muke ce mata, kamar yadda Larabawa ke faɗa. Shi kuwa kowa Usta yake kiransa, wato babban mai kula da inji, ni ma da nake jin nauyin faɗin sunansa sai na ari na mutane na huta. Kakanninmu, nawa da nasa, daga yamma suka taso da niyyar hajji, tafiya ta tsaya musu a wannan baƙar ƙasa mai danƙo, suka kama noma har suka mutu. Usta ne na farko a gidansu da ya ajiye fartanya ya koyi aikin ƙarfe.

Masnar ba wata babba ba ce. Doguwar rumfar kwano ce, da tsofaffin injina biyu, da wani ɗaki da ake tace man a cikin ƙyallaye masu kauri. Amma mutum kusan talatin ke ci a cikinta: masu ɗaukar buhu, masu rairaya, masu cika gwangwani, da matan unguwarmu da ke zuwa tsince tsakuwa. In kaka ta yi a matse riɗi, in riɗi ya ja baya a kawo gyaɗa daga wajen Hawata. Tunkuzar da ta rage masu shanu ke zuwa da amalanken jaki su kwashe. Usta yakan ɗora tsinin wani dogon ƙarfe a jikin inji, ya kara ɗaya ƙarshen a kunnensa, ya rufe ido, ya ce kafin Juma'a abu kaza zai karye. Kuma ya karye. Injin ya cinye masa yatsu biyu na hagu tun kafin aurenmu, amma ban taɓa jin ya ambaci wannan da ɓacin rai ba. Cewa yake laifinsa ne, ya sa hannu inda bai kamata ba.

Ni kuma ƙosai nake toyawa a bakin titi, kusa da inda motocin Basunda ke lodi, daga fitowar rana zuwa hantsi. Da man gyaɗar masna nake suya. Mai ne mai duhu, mai ƙanshi, in ya yi zafi sai ya yi kumfa ya taso, dole ki tsaya a kansa da matsami. Duk matan da ke suya a layinmu shi suke amfani da shi, don babu wani.

Sai wata shekara, bayan damina, na shiga kantin da nake sayen wake da gishiri, na ga an jera jarkoki masu ruwan ɗorawa tun daga ƙasa har rufi, da rubutun da ba na Larabci ba. Mai kantin, wani dattijo da muka daɗe muna ciniki, ya buɗe ɗaya ya zuba mini kaɗan a murfi. Fari tas kamar ruwan shayi marar ganye, ba ƙanshi ba wari.

Ya ce, "Ya Hajja, wannan ta jirgin ruwa ya zo. Hukuma ta sauke masa jamarik don talaka ya ci mai. Ya fi na mijinki araha nesa ba kusa ba."

Jamarik shi ne kuɗin da ake karɓa a kan kayan waje kafin su shigo ƙasa. A lokacin ban ma san da shi ba, balle in san a sauke shi ko a ɗaga shi zai iya taɓa tukunyata. Na ce masa Allah ya ba da kasuwa, ni ina da mai a gida.

Wata biyu na yi ina riƙe da maganata. A cikin wata biyun nan duk matan layinmu suka koma man jarka. Ƙosansu ya ƙara girma, suna ba da gyara da hannu sake, nawa yana nan yadda yake. Direbobin da suka yi shekaru suna karyawa a wurina suka riƙa gaishe ni daga nesa suna wucewa gaba. Ba su yi laifi ba, ni ma da ni ce haka zan yi. Ranar da na dawo gida da rabin ƙulluna, ya yi tsami a roba, na zubar wa awaki, washegari na je kantin na sayi jarka ɗaya. Na lulluɓe ta da tsohon mayafi a kan amalanke, na shigar da ita ɗakin ciyawar da nake ajiye kayan suya, na juye man cikin gwangwanin masna. Jarkar kuma na ba wata maƙwabciya ta riƙa ɗiban ruwa.

Gaskiya zan faɗa: na ji daɗin man nan. Ba ya kumfa, ba ya saurin baƙi, hayaƙinsa bai cika shiga ido ba. Masu saye suka dawo. A shekarar na yi wa 'yata kayan ɗaki ba tare da na roƙi kowa ba, na canza ciyawar rufin ɗakina kafin ruwa ya sauka. Ba zan ce ban amfana ba.

Wata Juma'a da safe, ranar da Usta ba ya fita, na ajiye masa kunu da ƙosai a ƙarƙashin rumfa. Ya ɗauki ɗaya ya gutsura, ya tauna a hankali. Ya ɗauki na biyu ya matse shi tsakanin yatsunsa, ya shinshina. Ina tsugune ina wanke kasko, ina kallonsa ta gefen ido.

Ya ce, "Uwar yara, wannan ba manmu ba ne."

Na ci gaba da wanke kaskon.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Tun kafin azumi."

Na shirya wa faɗa. Na tanadi duk abin da zan ce, na ƙullun da na zubar, na kayan ɗakin yarinya. Bai ba ni damar faɗin ko ɗaya ba. Ya cinye ƙosan nan tas, ya sha kununsa, ya wanke hannu. Sai ya ce, "Ƙanwata ma shi take saya. Matar mai cika gwangwani ma haka. Na ɗauka dai gidan nan ne ya rage." Ya tashi ya ɗauki butarsa. Daga ranar bai sake kawo mini gwangwanin masna ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin bai zo gaba ɗaya ba. Da farko aka kashe inji ɗaya. Sannan aka ce matan tsintar tsakuwa su zauna a gida sai an neme su, ba a kuma neme su ba. Aikin kwana shida ya koma huɗu, ya koma biyu. Gwangwanayen mai suka taru a ɗakin ajiya har wasu suka fara tsatsa. Usta yakan tafi ko ranar da ba aiki, ya shafa wa injin mai, ya share ƙasa, ya dawo kafin azahar.

Mai masnar dattijo ne da ya gaji wurin daga mahaifinsa. Wata rana da la'asar ya zo gidanmu da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Na shimfiɗa musu tabarma a rumfa, na kawo shayi, na koma bayan zana inda nake jin komai.

Na ji yana cewa, "Ya Usta, ka duba mini wannan al'amari. Riɗin nan a bayan garinmu ake noma shi. Amma in na shiga kasuwa sai in tarar da masu kai shi tashar jirgin ruwa sun riga ni, su da kuɗin waje suke ciniki, farashin da suke bayarwa ba zan iya ba. Ya tafi ɗanye. Ƙarfen da zan sa wa inji, in na aika a kawo mini, a karɓi jamarik cikakke. Man da wani ya riga ya matse a ƙasarsu kuwa an buɗe masa ƙofa. To ni da wa zan yi kokawa?"

Usta ya ce, "Manoma dai suna jin daɗi, riɗinsu ya yi daraja."

"Suna ji. Ɗan'uwana ma manomi ne, ya sayi sabuwar tarakta. Ban ce kowa ya yi asara ba. Mu ne dai aka zaɓa."

Bayan wannan ma'aikatan suka haɗu da na wasu masnoni biyu, suka sa fararen jallabiyoyinsu, suka tafi wani ofis na hukuma su kai kuka. Usta ya dawo ya ce an karɓe su da mutunci, an ba su ruwan sanyi, wani ma'aikaci ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce musu wannan magana ba a nan ake yanke ta ba, daga babban birni take zuwa, shi ma a rediyo ya ji. Suka bar takarda, suka dawo.

An rufe masnar ana saura kwana kaɗan babbar salla. Mai wurin ya yanka musu rago, suka ci tare a cikin rumfar, ya ba kowa gwangwani biyu na man da ya ƙi sayuwa. Usta ya shigo da nasa a kafaɗa, ya ajiye a ƙofar ɗakina. Da shi na yi suyar naman salla.

Yana da shekara hamsin da 'yan kai a lokacin. Ya zaga garejin taraktoci, aka ce suna da yaransu. Ya ɗan yi gyaran injinan niƙa a unguwanni, aikin da ke zuwa yau ya ɓace sati biyu. Yawancin kwanaki yana zaune a rumfa da rediyonsa. Abincin gidan ya koma kan kaskona, a kan man jarka, kuma duk mun san haka, ba mai faɗa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ya rage cin abinci. In na zuba masa tuwo sai ya ci gefe ya ture, ya ce ya ƙoshi. Ya daina zuwa majalisar da suke zama bayan la'asar. Wata rana na dawo daga suya na tarar ya kwance keken ɗinkin maƙwabciyarmu gaba ɗaya a kan tabarma, keken da lafiyarsa ƙalau, yana goge kowane ƙarfe yana mayarwa.

Shekara ta biyu, da riɗi ya nuna, ya ce mini zai bi motar masu yanka zuwa Fashaga. Can ne manyan gonaki suke, a bakin iyaka, inda ake kwasar leburori a lori duk kaka, don riɗi in ya nuna ba ya jira, kwana kaɗan ya fashe ya zube a ƙasa.

Na ce, "Usta, wannan aikin samari ne. Da wane hannun za ka riƙe dami? Me muka rasa a gidan nan?"

Ya ce, "Ke ba ki rasa komai ba."

"To zauna mana. Ana ta cewa za a mayar da jamarik, masna ta tashi."

"Shekara nawa ana cewa? Ni dai na gaji da jin ƙarar kaskonki ina kwance."

Wannan maganar ta yi mini zafi, na mayar masa da wadda har yau nake nadama. Na ce ai ba ni na rufe masnar ba, in ma ban sayi man ba wasu za su saya. Ya ce haka ne, kowa ma abin da ya faɗa ke nan. Ya ɗaure bargonsa da lauje da buta. Da hantsi lorin ta tsaya a bakin titi, cike da matasa, wasu sa'o'in ɗanmu. Suka miƙo hannu suka ja shi sama, ɗaya ya tashi ya ba shi wuri a kan buhu yana ce masa Baba.

Kwana arba'in da wani abu ya yi. Wanda ya dawo mini da shi wani abokin aikinsa ne na masna, mai ɗaukar buhu a da, wanda suka tafi tare. Ya riƙo shi ta kafaɗa har cikin gida. Ban gane Usta nan take ba. Ya rame, fatarsa ta yi duhu ta bushe, cikinsa kuma ya kumbura ta gefen hagu. Mutumin ya ce zazzaɓi ya kama shi tun sati na biyu, suka ɗauka na sauro ne, ya sha magani ya ci gaba da yanka. A ƙarƙashin itatuwan aduwa suke kwana, a kan ƙasar da ta tsattsage. Ya ce sun yi ta roƙonsa ya koma gida ya ƙi, wai sai an gama gonar. Ya ce da ƙyalle Usta ke ɗaure damin a hannunsa na hagu don kada ya zame.

A asibiti suka ce kalazar ce, ciwon da wasu ƙananan ƙudaje masu ɓuya a tsagar ƙasa ke kawowa. Kowa a Gadarif ya san ta. Ana warkewa in an zo da wuri. Likitar, wata yarinya mai hankali, ta ja ni gefe ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Kullum allura, mai zafi, har ya rasa gefen da zai kwanta. Na daina suya na tare a wurinsa. 'Yarmu ta zo daga Hawata da goyonta, ɗanmu kuma yana can arewa wurin haƙar zinariya, waya ba ta samunsa.

Wata safiya da zazzaɓin ya ɗan sauka, ina ba shi kunu a cokali, ya ce, "Kin san riɗin da muka yanka? Fari ne, mai kyau, irin wanda in ka danna da farce mai ke fitowa. Tun a gonar aka ɗinke buhunan aka ɗora a manyan motoci. Ko kasuwarmu bai shiga ba."

Na ce ya yi shiru ya sha kunu.

Ya ce, "Na so a ce na matse ko buhu goma."

Sai na ce masa ya yafe mini maganar da na faɗa ranar tafiyarsa, da man da na ɓoye. Ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Da me za ki ciyar da mu? Allah ya yafe mana duka." Bayan kwana shida ya rasu, da rana tsaka, ana kiran azahar a masallacin asibitin. Ɗanmu ya iso bayan an yi sadakar uku.

Ina cikin takaba na ji labarin mai masnar ya sayar da injinan ga masu sayen tsohon ƙarfe. Da wuta suka yanka su gunduwa-gunduwa, don ba su fita ta ƙofa. Matan da suka zo mini gaisuwa suka ce kwana biyu ana jin ƙarar. Shi ma dattijon bai daɗe ba ya bi Usta.

Abin da aka yi ta jira ya zo bayan ba mai amfana da shi. Kuɗinmu ya faɗi, hukuma ta ɗaga jamarik, man jarka ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. A rediyo na ji wani yana bayani cewa hakan zai farfaɗo da masana'antun gida. Ina zaune a bakin kasko na ji shi. A unguwarmu babu wadda ta farfaɗo, don babu abin da ya rage da zai tashi. Mai kantin ya koma sayar da mai a ƙaramin kofin shayi, yana tsiyayewa har ɗigon ƙarshe. Matan layinmu suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ni na riƙa maimaita mai har ya yi baƙi ƙirin, abin da a da nake zagin wasu a kansa. Sannan yaƙi ya ɓarke a babban birni, manyan masana'antun can suka tsaya, hanyoyi suka toshe, garinmu ya cika da mutanen da suka gudo, kowa yana neman abin da zai sa a tukunya.

A cikin wannan hali ne wata rana da hantsi wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidana, da mota mai kyau a bayansa. Ya ce shi ɗan mai masnar ne, ya daɗe a ƙasar waje, yanzu ya dawo. Ya ce ya samo wani tsohon inji a wani gari, yana so ya tayar da aikin mahaifinsa tunda mai ya yi wuya, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce masa mutum ɗaya ne zai iya haɗa irin wannan inji.

Ya ce, "Hajja, Usta yana ciki?"

Na ce masa ya shekara huɗu a ƙasa.

Ya cire hularsa, ya yi addu'a, ya ce wallahi ba wanda ya gaya masa, mutane dai sun ce ya zo gidan nan. Ina jin kunyar faɗa masa suka ji. Ya tambaya ko akwai wanda Usta ya koya wa aikin. Na lissafa masa su uku. Ɗaya yana kiwon tumaki a Saudiyya. Ɗaya ya tafi haƙar zinariya, shekara biyu ba labarinsa. Na ukun yana tuƙa raksha, keken nan mai ƙafa uku, a cikin gari. Na kwatanta masa inda yake tsayawa. Ya yi godiya, ya sa aka sauke mini buhun sukari, ya tafi.

Daga baya mai rakshar ya zo gaishe ni, na tambaye shi yadda suka ƙare. Ya ce sun je sun ga injin, amma babban ƙarfen da ke matse ƙwayar ya cinye, sai an kawo sabo daga waje, kuma da jamarik na yanzu da halin da hanya ke ciki mutumin ya ga ba zai iya ba. Ya ce ko da an kawo, shi bai yi alkawarin zai iya haɗawa ba, don shekarun da ya yi da Usta yawanci miƙa masa kayan aiki yake yi. Ɗan mai masnar ya koma inda ya fito.

Yanzu kwana uku a sati nake suya, in na samu mai. Idanuna sun fara ba ni wahala, likita ya ce hayaƙi ne. Ɗana yana aiko da abin da ya samu in ya samu. 'Yata ta matsa in sayar da gidan in koma wurinta a Hawata, mijinta ya ce zai yi mini ɗaki a gefen nasu. Na ce musu sai ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, don yanzu ko babbar mota ba ta iya ratsa lakar nan.